Kafin ka biya mai tono takardun zamanin Turawa

Idan kakanku bai ci albashin Turawa ba, riƙe kuɗinka. Wannan ne hukuncina bayan na ba wani matashi mai bincike aikin nemo mana asalin kakan mahaifinmu, wanda tsofaffin gidanmu a Aboabo, nan Kumasi, ke cewa soja ne.

Tsarinsa ba wuya. Rabin kuɗi kafin aiki, rabi bayan ya gama. Shi ke zuwa PRAAD, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Ankara, babban birnin Ghana, ya cike takardar neman fayil, ya zauna ya karanta, ya turo maka bayani ta WhatsApp. Ya san tarihin kuwa. Shi ya fahimtar da ni cewa rundunar Hausawa da aka kafa a 1879 ita ce ta koma rundunar sojan Gwalkwas, wato Ghana ta zamanin Turawa, a 1901, don haka dole a duba ƙarƙashin sunayen biyu.

Wahalar tana wajen suna. Akawun Bature ba ruwansa da sunan uba. Sunanka zai rubuta, ya liƙa maka gari ko ƙabila: wane Kano, wane Moshi, wane Dagomba. Ko Alhaji Grunshi, sojan da ake cewa shi ya fara harbi a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914, can Togo, da sunan ƙabila aka san shi. To masu irin sunan kakanmu sun fi a ƙirga. Abin da ya raba gardama tabo ne. Gwaggo ta taɓa cewa yana da tsage a kunci da sara a hannun hagu, sai ga shi a wata takardar sallama da gefenta ya cinye, tawada ta koɗe, tare da lambarsa. Da na karanta mata sai ta ce, "Shi ne, ɗana, wallahi shi ne."

Iyakar abin ke nan fa. Babu sunan mata, babu 'ya'ya, babu unguwar da ya baro a Kano. Auren Zango a gaban malam ake ɗaura shi da goro da shaidu, kaɗan ne suka kai ofis. Shi ya sa ɓangaren mahaifiyarmu, fataken goro da suka gangaro daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, bai samo ko layi ɗaya ba. Nan ne na ga laifinsa: ya san haka tun farko, amma ya karɓi kuɗin gida biyu. Ga jan ƙafa, sai ka yi ta kira.

Duk da haka zan tura masa mai kaka soja, ɗan sanda ko ma'aikacin reluwe. Amma ka fara zama da tsofaffi, ka rubuta laƙabi, tsage da garin asali, kuma ku yi ciniki gida ɗaya-ɗaya.