Solan da na saya a Kusiri saboda ambaliya, ga yadda ta kaya

Salam 'yan uwa. Da yawa kun tambaye ni ko ƙaramin solan nan ya ci kuɗinsa, to ga abin da na gani da idona.

A kasuwar Kusiri, a arewacin Kamaru, na saye shi cikin Agusta 2024, jaka 45 na sefa bayan mun sha ciniki, panno (farantin sola) ɗaya ne madaidaici da batir da ƙwai uku da wajen cajin waya har da rediyo a jikinsa. Abin da ya sa na saya kuwa ambaliyar 2022 ce ta koya mana hankali. Mutane na ɗauka ambaliya sai bakin teku irin su Duwala, amma mu da muke zaune inda kogin Logon da na Shari suka haɗu mun san namu ruwan daga kudu yake gangarowa, sama ta ɗauke ma kogi bai gama cika ba, sai wajen Oktoba ka ga yana hawa a hankali, 'yan unguwar Waliya a tsallaken Injamena shaida ne. Kuma kuran, wato wutar lantarki, ne farkon abin da ke tafiya.

Daren da ruwa ya shigo layinmu ƙwan nan guda na rataya a ƙofar zaure, da haskensa muka cika buhunan ƙasa muka jera, da shi Inna ta ɗora buhun gero da takardun yara kan gado. Wallahi ba ƙaramin abu ba ne ka ga inda za ka sa ƙafa alhali macizai ma tudu suke nema. Washegari maƙwabta suka yi layi, waya shida na caja rana ɗaya.

Sai dai mai shagon ya ce min awa goma yake yi, ban taɓa ganin haka ba. In ka kunna ƙwai ukun ga waya a jone, kafin ƙarfe ɗayan dare ya mutu, ranar hadari kuwa ko rabi ba ya cika. Wayar da ke haɗa panno da batir ma siririya ce, sau biyu tana tsinkewa sai da wani yaro mai gyaran rediyo ya canza min mai kauri. Kada kuma ku kafe pannon da ƙusa a kan kwano, ku ɗaure da igiya yadda za ku kwance da sauri in tashi ya kama, ni a kwalekwale na fita da nawa cikin leda.

Haske dai ba ya maganin ƙishi, ruwan rijiya duk ya gurɓace lokacin, don haka ku haɗa da bidon (jarka) biyu masu murfi da ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs, a jefa a jira minti 30 kafin a sha, kwalara ba ta da wasa.

Zan sake saya? Ƙwarai kuwa, amma mai babban batir, kuma tun Yuli kafin 'yan kasuwa su ji ƙamshin ruwa su ƙara kuɗi.