Wankin tsohuwar ƙararrawar majami'a a wurin maƙeran farfaru na Maraɗi

Maƙeran farfaru sun san ƙarfe. Ka kai musu tsohuwar ƙararrawa, da bugu ɗaya za su gaya maka ko ta tsage, don mai tsaga ba ta jan amo. Sukan manna mata mayen ƙarfe: in ya kama, baƙin ƙarfe ce, in bai kama ba, tagulla ce, wadda kusan kashi 78 cikin ɗari nata jan ƙarfe ne, 22 kuza. A nan aikinsu ba shi da makusa.

Matsalar tana wajen wanki. Galibi so suke ta fito tana walƙiya, sai su bi ta da sanfefa ko ruwan batir. Asara ce babba, domin tarihinta duka yana cikin rubutun da aka zuba tare da ita a kafaɗa ko kusa da baki, kuma tudun haruffan ƙanƙane ne. Koren nan da ya rufe tagulla kariya ce gare ta. Ka tsaya a kan maƙeran: ruwa, sabulu, buroshi mai taushi, shi ke nan.

In ta bushe, a haska tocila daga gefe cikin duhu, haruffan za su yi inuwa. Sannan a shimfiɗa farar takarda a goga fensir a kai.

Sunan maƙeran da suka zuba ƙararrawar kan rage tazarar shekarun da ake zaton an yi ta. PACCARD na yankin Annecy ne a Faransa, gidan da ya faro a 1796, saboda haka sunan kaɗai ba ya yanke shekara. CORNILLE-HAVARD na garin Villedieu-les-Poêles ne, shi ma a Faransa. MEARS & STAINBANK kuwa sunan da maƙerar Whitechapel ta Landan ta yi aiki da shi ne daga 1865 zuwa 1968. Kalmar FONDEUR ko FECIT tana nuna wanda ya zuba ta, sauran sunayen sau da yawa na masu sadaukarwa ne. Shekara kan zo da lambar Romawa: MCMXXXV ita ce 1935.

Kada a dogara da lambar da ke jikin maratayi, ana sauya shi.

Wanda duk ya ce zai liƙe tsaga da walda, a ƙi. Tagullar ƙararrawa tana da gautsi, zafi a waje ɗaya kan ƙara tsaga ta. A sallami maƙeri kuɗin dubawa da wanki, a ɗauko ta.