Foldscope a ajin yara masu buƙata ta musamman: yana da amfani, amma da sharaɗi

Foldscope na'urar hangen ƙananan halittu ce da ake naɗewa da takarda. Manu Prakash da Jim Cybulski ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka wallafa bayaninta a 2014. Madubinta ɗan ƙwallon gilashi ne da ke girmama abu sau 140, kuma yana iya rarrabe abin da ƙanƙantarsa ta kai maikuron 2 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Wannan ya isa a ga bangon ƙwayar halittar tsiro da cibiyarta. Maitokondiriya dai, wato sashen da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, kada malami ya yi wa yara alkawarin ganinta.

Babban alfanunta a irin wannan aji shi ne ba ta da nauyi, ruwa ba ya lalata takardar, kuma faɗuwa ƙasa ba ta cika yi mata illa ba. Yaron da ake jin tsoron ba shi na'urar ƙarfe sai ga shi riƙe da tasa.

Matsalar tana wajen haɗawa da saitawa. Ciro sassan daga takarda da zura su cikin juna aikin yatsu ne mai laushi, yaron da hannunsa ke rawa zai gaji tun kafin a fara darasi. Malami ya haɗa su tun kafin yara su shigo. Haka ma kallo da ido: sai an manna na'urar dab da ido, a fuskanci haske, a riƙa turawa da manyan yatsu biyu har hoton ya fito. Aiki uku a lokaci guda ya yi wa yara da yawa nauyi, kuma malami ba shi da hanyar sanin abin da yaron ya gani. Maganin wannan shi ne a liƙa kyamarar waya da maganaɗisun da ke zuwa cikin kayan. Da zarar hoton ya hau fuskar waya, yara biyu ko uku za su kalla tare, malami ya nuna da yatsa ya ce, “Ga bango, ga cibiya.” Ko da wasa kada a fuskantar da ita ga rana.

A fara da albasa. A sa hantsaki a ɓare siririn tantanin da ke cikin ɓawon, a yanko kamar milimita 5, a shimfiɗa shi ba tare da ya naɗe ba, a ɗiga aidin ɗigo ɗaya, a rufe. In an ga duhu kawai, an haɗo da tsokar albasa, haske ba ya ratsawa. In an ga da'ira mai baƙin baki, kumfar iska ce, kuma yara kan ɗauke ta ƙwayar halitta saboda ta fi komai fitowa sarai, sai a nuna musu ita tun farko. Albasa ba ta da kuloroflas, wato koren sashen da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, don tana girma a cikin ƙasa. Mai son nuna koren sai ya nemi siririn ganyen tsiron ruwa. Warin albasa yana tayar wa wasu masu lalurar otizim hankali, gara a shirya samfurin a wani ɗaki.

Maganaɗisun ƙanana ne, haɗiye su haɗari ne babba. A ƙirga su kafin darasi da bayansa. In akwai yaron da aka dasa wa na'ura a jiki, kamar ta zuke ruwa daga ƙwaƙwalwa ko ta bugun zuciya, a tuntuɓi iyaye da likita tukuna.

Makaho kuwa Foldscope ba ta yi masa komai, kuma ko mai gani hoton shimfiɗaɗɗe yake gani. Dole a haɗa da samfurin taɓawa: kwali mai tauri ya zama bango, leda a ciki ta zama tantanin ƙwayar halitta, dunƙulen yumɓu ya zama cibiya, kowane sashe da irin kaushinsa. Sassa uku sun isa a darasin farko.