Makanikin da ya hana ni saka turbo

Wallahi da zumuɗi na kai Civic ɗina wani gareji a Kofar Ruwa a ɗora mata turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), motar da ta ci kilomita 280,000. Ogan wajen ko kallon kuɗina bai yi ba, ya ce Alhaji bari mu ji lafiyar injin tukuna.

Ya ɗumama ta, ya kwance fulogi huɗun, ya ɗaura gejin kwamfireshan, wato abin auna matsin iskar cikin silinda, a ramukansu ɗaya bayan ɗaya. Silinda uku sun kai wajen 170, ta huɗu 125 kacal, alhali bai kamata tazarar ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sai ya ɗiga ɗan baƙin mai a ramin silinda ta huɗun ya sake gwadawa, allura ta haura, ya ce to ringin fistin ne ya cinye ba bawul ba, in aka ƙara wa injin matsin turbo hayaƙi zai dinga yi yana shan mai har ya buga.

Abin da ban so ba shi ne wajen ba inuwa, awa uku ina tsaye a rana, ga yaransa sun shafa min baƙin mai a sitiyari. Kuɗin gwaji kawai ya karɓa. Ranar Asabar zan koma a sauke injin.