Ƙullutu a nonon namiji: wanzami ko asibiti?

Idan magidanci a karkarar Ringim ko Sumaila ya shafa ya ji ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nononsa, marar zafi, ko ya ga kan nonon ya shige ciki, alamun da ka iya zama na ciwon dajin nono, hanya biyu ce a gabansa.

Wanzami yana kusa, kuɗinsa kaɗan, kuma zai rufa asiri. Rufin asirin nan ne ke jan maza, domin ba mai son a ji a majalisa cewa "ciwon mata" ya kama shi, alhali kusan 1 cikin 100 na masu dajin nono maza ne. Sai dai sakiya da ƙaho ba sa taɓa tushen cutar. Wurin yakan koma gyambo, kuma da yake naman nonon namiji kaɗan ne, cutar ba ta daɗewa take kama fata da kaluluwar hammata. Zancen wai daji ba ya son allura yana ci mini rai, don jinkirin da yake jawowa shi ke kisa.

Asibiti akwai wahala: kuɗin mota, bin layi, da nauyin zama cikin mata ana jiran likita. Amma a Asibitin Malam Aminu Kano za a ɗebi ɗan nama a auna, a san ko daji ne ko kumburi kawai. In daji ne, yawanci a cire nonon, a biyo da ƙwayar tamoxifen na shekara 5 ko fiye. Takan rage sha'awa, don haka gara maigida ya sanar da iyalinsa tun farko, su je ganin likita tare.