Blender ko Maya? Amsar da na ba ƙanena

Wani ƙanena mai zanen allunan shaguna a unguwar Zango ya tare ni: "Yaya, ina so in fara katun mai fuska uku, wato 3D, wace manhaja zan saya?" Na ce manhajar da za ta bar fensirinka a hannunka.

Ga dalili. Tun shekarun 1930 masu zanen Disney suka gano ƙa'idojin motsi, waɗanda daga baya aka tara su guda 12, kuma kwamfuta ba ta soke ko ɗaya ba. Dubi mace tana daka. Sai ta ɗaga taɓarya kafin ta sauke, jiki ya miƙe sannan ya ranƙwafa, hannu kuma lanƙwasa yake bi kamar baka. Kwamfuta in ka nuna mata farkon motsi da ƙarshensa, cike tsakiyar take yi da kanta, ba nauyi ba rai, sai ka ce 'yar tsana ake ja da zare.

Nan Blender ya saye ni. Yana da Grease Pencil, wanda ke ba ka damar yin zane da hannu a cikin filin aikin. Ka ja layin gadon bayan ɗan kokowa, ka zana yadda yake durƙusawa kafin ya sunkuci abokin karawa, sannan ka lanƙwasa ƙasusuwan mutum-mutumin da ke cikin kwamfutar su bi zanenka. Ka mayar da shi baƙi ƙirin kamar inuwa; in ba a gane abin da yake yi ba, sake. Kyauta ne tun 2002, kuma da ka sauke shi ba ya neman intanet.

Maya na kamfanin Autodesk shi manyan kamfanoni ke so, amma haya ce da ake sabuntawa, ta haura dalar Amurka 1,500 a shekara. Cinema 4D kuwa ku bar wa masu talla.

To, a kula da macuta. Ni ma sun dafa ni. Wani mai gyaran kwamfuta ya karɓi jaka 15 ya zuba mini "Maya cikakke", ashe na sata ne mai ɗauke da cuta. Aikin wata uku ya salwanta, har da hotunan bikin ƙanwata. Da na koma, cewa ya yi zafin gari ne. Akwai kuma masu sayar da Blender kansa, abin da ke kyauta a blender.org! Allon zane na kwamfuta ma haka: ana liƙa sunan kamfanin Wacom a kan jabu. Kada ka ba da kuɗi sai an jona shi a gabanka. Danna alƙalamin a hankali, sannan da ƙarfi. In kaurin layin bai canja ba, ajiye musu kayansu.

Ƙanen nawa dai na ce ya zauna bakin kasuwar Dole da takarda mako guda, yana zana masu dakon kaya, kafin ya kunna komai.