Na kai bes ɗin bahago an juya min ita ta koma ta dama, ga yadda muka ƙare

Tun farko ni na jawo wa kaina, wannan na yarda. Na ga bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, 'yar gwanjo mai waya huɗu, ƙirar Precision, katako lafiya lau wuyanta bai lanƙwashe ba, kuɗin kuma kusan rabin abin da kuka san ana sayar da irinta, don kawai ta bahago ce ba mai so. Na ce ai ba wani abu bane, Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jitar nan bahago, ma jitar 'yan dama ya kifa ya sake jera wayoyi yana kaɗawa da hagu duniya ta san shi, ni da zan yi akasin haka me zai gagara. Na ɗauka na kai wa wani dattijo mai gyaran jita a nan Jos wanda 'yan ƙungiyarmu suke ta yabo.

Ya juya ta sama da ƙasa ya ce yaro wannan aikin kwana biyu ne. Kwana tara ta yi, amma bar wannan, mun saba.

Ranar da na karɓo gaskiya na ji daɗi, har na yi ta tallarsa a wajen rihazal. Ya mayar da maɓallin rataya ɗaya ƙahon jikin bes ɗin, ya sake saita gada, wato abin da masu goge ke cewa jaki, ya ja mazaunin waya mai kauri baya ya turo na siririyar gaba, na gwada a firet na 12, wato gaɓa ta 12 a wuyan, da na'urar saita sauti komai ya zauna daidai. Sautin ma wani abin mamaki, tunda fikof ɗin Precision, wato abin da ke ɗaukar sautin wayoyi, rabi biyu ne, da aka juya sai rabin E da A, wato wayoyi biyu masu kauri, ya koma kusa da gada, sai sautin ƙasan ya fito a ɗaure ba ya wannan kumburin da ke cika sifika. Mai gangarmu har ya tambaya ko sabon amf, wato na'urar ƙara sauti, na sayo. Wayoyi kam dole na sayi sabon saiti, don tsohuwar E an yanke ta daidai kunnen ɗaure waya na kusa, yanzu kuma kunnen can ƙarshe za ta je, ba ta kai.

To sai ranar bikin. Dina ce ta wani abokin yayana, hol ya cika, an kira amarya da ango fili ana liƙi, daidai wurin da kowa ya yi shiru aka bar ni da ganga kawai, sai ɗif. Ba sauti. Yatsuna na tafiya ba abin da ke fita. Na waiga na kalli amf wuta na ci, na taka waya, na harari yaron miksa shi ma ya ɗaga hannu wai ba shi bane, mawaƙinmu ya juyo da makirfo a hannu yana min wani kallo da har gobe ban manta ba, ga MC ya samu abin yi wai mai bes ya tafi cin shinkafa, mutane suka kwashe da dariya. Na fi minti ɗaya ina lalube ina gumi kafin na gane ashe hannuna ne. Maɓallan murya da da suke ƙasa yanzu sun dawo sama daidai inda damtsena ke kwanciya, hannun babbar riga ya yi ta gogar na boliyum a hankali har ya rufe shi ruf. Kuma jak ɗin ma, wato inda ake soka wayar amf, nan yake a sama yana sukar hannu, ga shi maɓallin bahago juyinsa daban ne, da na kai hannu cikin ruɗewa sai na ƙara murɗa shi wajen kashewa.

Abin da ya ƙona min rai, na tambayi dattijon wannan maganar tun ranar farko. Na ce Baba waɗannan maɓallan fa, ba za su dame ni ba? Ya ce haba, sabo ne kawai, kwana uku ka manta da su. Da ya ce min a cire su a toshe ramin ko a sa jak mai lanƙwasa ai da na biya, kuɗin bai kai na wayoyin ba.

Bayan bikin ne na zauna na duba ta da idon basira, sai sauran abubuwa suka fara fitowa. Nat ɗin nan na saman wuya da wayoyi ke kwanciya a kai, mun yi da shi zai sa sabo na ƙashi har ya karɓi kuɗinsa, ashe tsohon ne ya faɗaɗa ramin G, wato siririyar wayar, da fayil don E ta shiga, tsohon ramin E kuma ya cike da sufa gulu ya ɗan tsaga. Yanzu gulun ya fara cinyewa, G tana iyo a ciki, in na kaɗa ta a sake sai ta yi zizz kamar ƙuda ya shiga kwalba. Ɗigon gefen wuya kuwa suna ƙasa suna kallon takalmina, a duhun fili ban ganin komai sai da na ɗiga farin man farcen ƙanwata a 3, 5, 7, 9 da 12. Ga kan yana rinjaya ƙasa da na saki, tunda gajeren ƙahon ne ya dawo sama, kafaɗata ta hagu ta san da haka. Wannan dai ba laifinsa bane, haka ƙirar take, amma mutumin da ya shekara da shekaru a sana'a ai ya ci a ce ya faɗa min kafin ya huda katako.

Na koma na nuna masa nat ɗin, bai musa ba, ya ce ƙashin ne bai samu ba lokacin, in kawo ta bayan sati biyu. Kuɗin kuma ko maganarsu bai yi ba, ni ma nauyin furfurarsa ya hana ni tayarwa. Saitin gadar dai har yau bai motsa ba, a nan ba na cin haƙƙinsa, ya iya. Boliyum ɗin na buɗe shi ƙarshe na naɗe da baƙin salatif, ran Asabar muna da wani bikin a Bukuru da ita zan je, da riga mai gajeren hannu.